Goron da Bai Gama Gumi Ba

Da sunan Allah nake farawa, kuma maganar goro zan yi, don ban san wani aiki ba sai shi. Sunana Asabe. A nan Sabo ta Ibadan aka yanke cibiyata, a nan na tsufa. Ban taɓa zama a aji ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce in an gama a karanta mini, duk kalmar da ba daga bakina ta fito ba a goge ta. Ku samarin unguwa da kuke ta zancen shiga harkar amfanin gona, da ku nake.

Abin da ya tayar da maganar kwando talatin ne na goro da aka jibge mini a zaure kwanakin baya. Na jikana ne, Rabi'u, shi da abokansa huɗu. Sun ji a rediyo, sun gani a waya, wai yanzu noma ne ke ɗauke da ƙasa, wai duk mai hankali ya koma kasuwancin abin da gona ta bayar. Suka haɗa abin hannunsu, suka shiga ƙauyukan bayan Akinyele, suka sayo sabon goro, aka ɓare, aka wanke. Ran nan da hantsi ya shigo mini yana kaɗa makullin babur.

"Amarya," in ji shi, don haka yake kirana tun yana koyon magana, "angonki ya zama ɗan kasuwa. Ko ba ki leƙa zaure ba?"

Na ce, "Angon da ko gishiri bai taɓa kawowa cefane ba. Me kake so?"

"Ƙullin nan naki kawai. Mu za mu zuba, mu ja igiya, ke ki ƙulla baki. Sai mu ɗauki hoto mu tura wa mutanen Kano. Sun ce in da ƙullin Asabe ba sai sun kwance ba."

"Kwana nawa da wankewa?"

"Uku."

"Mota fa?"

"Jibi."

Na ce, "To ba zan ƙulla ba."

Wani dogo cikin abokan nasa, daga bakin ƙofa, ya ce, "Haba Mama, goro ne fa, ba ƙwai ba." Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Tun daga lokacin ƙafata ba ta zauna ba, in shiga zaure in fito, in shiga in fito, har surukata ta tambaye ni ko wani abu na yar.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan wankin ganye ne. Ƙanwar ubana, Goggo Hansai, ita ta koya mini. Ɗaurin huhu, wato babban ƙunshin goron nan da ake ɗorawa a mota zuwa Arewa, aikin maza ne. Ita ta same shi ne don mahaifinta bai bar ɗa namiji mai son sana'ar ba, ubana kuwa shanu ya bi. Ta zaunar da ni gaban daro da dami na ganyen fita, ganyen nan mai faɗi da ake cirowa daga fadamun kurmi, wanda ake lulluɓe goro da shi. Ta ce in wanke ciki, in wanke baya, in share da tsumma, in jera a inuwa. Wanda ya yage gefe guda, wanda ƙwaro ya huda gefe guda. Shekara biyu ina wannan, ban taɓa goro ba sai wanda aka ba ni in ci.

Kowace safiya kafin in sa hannu a daro sai ta ce, "Miƙo." In miƙa yatsu goma. In ta ga farce ya ɗan fito, ita da kanta take yanke shi da reza, ba kuma a hankali ba. Farce in ya karci goro, wurin zai yi ja, ya yi baƙi, daga nan ruɓa ke shiga. Ba a taɓa goro da hannun da ya taɓa manja, ko kananzir, ko turare. Yana ɗaukar wari ya riƙe. Akwai ranar da na shafa man gashi mai ƙamshi don za a yi biki a maƙwabta. Ta sunsuna iska tun daga ƙofa ta ce, "Yau ba ki da aiki, amaryar gari. Je ki yi bikinki." Ranar ban ci abincin rana a gidanta ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Daro, tabarma, kwando, ganye, buhu, igiyar rama. Duk ku tattara su ba su kai kuɗin wayar ɗayanku ba. Shi ya sa kuke ganin abin banza ne. Kayan aikin da ba a saye su ne hannu da hanci, su kuwa sai an shekara ashirin suna ciki kafin su fara faɗa maka gaskiya.

Tsintar goro ita ce ta biyo baya. A zube kwando a tabarma, ki miƙe ƙafa, ki ware. Manya masu cika hannu, su ne marsa, na manyan mutane da kayan biki. Matsakaita, na mai tebur a bakin kasuwa. Ƙanana, minu, na sadaka. Wanda ya rabe biyu a ware shi, ba ya tafiya mai nisa. Fari daban, ja daban. Duk wannan yaro ma zai iya. Abin da yaro ba zai iya ba shi ne gane sankara, ƙwaron da ke cin goro ta ciki. Ramin da take shiga bai fi tsinin allura ba, wani lokaci a cikin tsagar goron yake, ido ba ya kai wa. A nauyi ake ji. Ki ɗauki goro ki ji ya fi girmansa sauƙi, to akwai baƙo a ciki. Guda ɗaya in ta kuɓuce miki ta shiga huhu, kafin wata ta tara zuri'a. Goggo takan ɓoye mai sankara ɗaya cikin ƙwarya guda, wato goro ɗari, ta ce in nemo shi ido a rufe. In na kasa, in sake. Na taɓa kai wa la'asar ina neman guda.

Sai gumi. A nan nake so ku buɗe kunne, don a nan maganar take. Goro in an ɓare masa farar rigarsa aka wanke shi, da rai yake, yana numfashi, yana fitar da ruwa. Sai a zuba shi a kwando tsirara, ba shimfiɗar ganye, a ɗan rufe samansa kawai, a bar shi ya yi guminsa. Kwana biyar in gari a bushe yake. In ana ruwa, bakwai, har takwas. Samansa zai ruɗe ka, don kwana biyu ya isa ya bushe ya yi sheƙi kamar an goge shi. Ba a tambayar sama. Hannu ake turawa tsakiya har gwiwar hannu. In ka ji ɗumi, in hannunka ya fito da laima, bai gama ba. Ka kuskura ka lulluɓe shi da ganye ka matse da igiya a haka, to ka dafa shi da ruwan jikinsa.

Wanda za a ajiye ya zama daushe, tsohon goron da ake sayarwa da daraja bayan kaka ta wuce, shi kuma juyi yake so. Bayan 'yan kwanaki a kwance, a zube, a tsince, a sake ganye, a mayar. Haka har wata shida, wani har ya fi. Ba biki, ba zaman makoki mai tsawo. Ranar da aka yi sadakar ukun mijina, da yamma na juya kwando takwas, don ranar juyinsu ce.

Masu kawo mana goro matan Yarabawa ne. Wadda na fi daɗewa da ita Iya Bose ce, gajeriya mai murya kamar ta mai shela. Ta iya Hausa tsaf, amma in ciniki ya yi zafi sai ta manta da ita. Takan jera manya a sama, ta cusa ƙanana a gindi, ta san kuma na sani. In kife kwandon, ta dafa ƙirji ta ce, "Ah, Asabe, wa ya yi mini wannan?" In ce, "Aljanun ƙauyenku." Shekara talatin muna haka. Amma ba ta taɓa yi mini ƙarya a kan ranar da aka wanke goro ba, ko sau ɗaya. Wannan ba wurin wasa ba ne, ita ma ta sani.

Masu saye kuwa fatake ne daga Kano, daga Sakkwato, daga Borno. Suna sauka gidan maigidanmu, Alhaji Garba, wanda shi ke da ɗakunan ajiya da ma'aikata. Baƙo ya ci ya sha ya kwana, Alhaji ya haɗa masa kaya. Kowane gida da mai ɗaure masa huhu, kowane mai ɗauri da irin ƙullin da yake rufe bakin igiya da shi. Namu na gado ne daga mahaifin Goggo: kunne biyu, jela a soke ta ƙasa, da ɗan ganye a naɗe a ciki. Maza ke jan igiya su matse, don ƙarfi take so. Ƙullin ƙarshe na mai ɗauri ne. Goggo ba ta nuna mini shi ba sai shekarar da idonta ya fara hazo. Ta kama yatsuna ta bi da su sau uku, sannan ta ce, "Ba a ɗora shi kan kayan da hannunki bai shiga tsakiyarsu ya fito da sanyi ba. Ko ubanki ne ya tashi daga kabari ya roƙe ki."

A kasuwar goro ta Kano, huhu in ya sauka ana kwance shi, a zube, a duba, sannan a yi ciniki. Wannan yana cin yini, yana kuma wahalar da goro. Amma mai ƙullinmu ba a kwance shi. Dillali ya duba bakin igiya ya ce, "Na gidan Alhaji Garba ne," a ɗauka. Abin da nake ci ke nan. Ba ni da gona, ba ni da mota, ba ni da ɗaki nawa na kaina. Ƙulli nake da shi.

Muguwar shekarar ta zo ne da ruwa. Damina ta ƙi ɗaukewa, ana cirar goro ana ruwa, hanyoyin ƙauye suka zama taɓo. Goro ya yi ƙaranci a Arewa, ga Sallah ta matso. Duk direban da ya sauko labari ɗaya yake kawowa: Kano ba goro, wanda ya fara isa shi ya ci kasuwa. Iya Bose ta yi ta maza ta fito da kaya a kan mutane har bakin titi. Muka wanke, muka zuba a kwanduna. Kwana uku, daidai da na su Rabi'u.

Bayan azahar Alhaji ya aika a kira ni zaure. Ba ya kirana zaure, shi ke zuwa bakin ɗakin ajiya. Na tarar da baƙi shida a zaune, manyan fatake, an ajiye musu fura. Na durƙusa daga gefe na gaishe su.

Ya ce, "Ga Asaben da kuke jin labari. Asabe, gobe mota za ta tashi. Na yi wa baƙina alkawari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da sauran ɗumi."

Ya yi murmushi, ya dubi baƙi. "Kun ji ta ko? Haka take, ko ni ba ta ragawa. Hanya kwana biyu ce, Asabe. Ya ƙarasa guminsa a Kano."

Ku 'yan yanzu za ku ce me ya hana ni in ce a'a. Mutumin nan shi ya bar ni a ɗakin da nake ciki bayan mijina ya rasu, da 'ya'ya huɗu, bai taɓa ɗaga maganar ba. Ga baƙinsa a zaune, ya riga ya ba su baki. A Sabo ba a mayar wa maigida magana a gaban baƙonsa. Kara ake yi. Na sunkuyar da kai na ce, "To."

Muka shimfiɗa ganye, muka zuba, maza suka ja igiya. Hannuna yana fitowa da laima ina goge shi a zane. Da aka zo bakin huhun farko, kowa ya ja baya ya ba ni wuri kamar kullum. A nan ne nake da dama ta biyu. Ina iya yin ƙullin banza, irin na kowa, a kwance a Kano a gani. Amma ga 'yan dako a tsaye, ga yaran mota, ga mutanen gidajen goro na maƙwabta suna leƙe. Huhu ya fito daga gidan Alhaji Garba ba ƙullin Asabe, kafin magariba duk Sabo ta san Alhaji ya ɗora wa baƙinsa kayan da mai ɗaurinsa ba ta yarda da su ba. Na yi kunne biyu, na soke jela, na naɗe ganye. Sau ashirin da biyu.

Motar ta lalace bayan Jebba. Kwana huɗu tana tsaye a rana ana neman ƙarfen da ya karye. Ta shiga Kano a kwana na shida. Da huhun wani ne, da an kwance a take, an zube a inuwa, an tsinci abin da ya tsira. Nawa ba wanda ya taɓa. Suka duba bakin igiya suka ɗauka. Manyan 'yan kasuwa da suka buɗe washegari a rumfunansu sun ceci wani abu, su kuma masu ƙarfi ne, sun yi faɗa da Alhaji sun shirya. Ba su nake tunawa ba.

Bayan Sallah da kamar wata guda, da rana tsaka, aka ce ana sallama da mai ƙulli. Na fito na ga wani siririn dattijo, rigarsa ta sha hanya, da 'yar jaka a rataye. Ya dube ni ya dubi bayana, yana jiran namiji ya fito.

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Ashe mace ce. Sannu, baiwar Allah. Sunana Ilu, daga wani ƙauye nake ta wajen Gumel. Tebur gare ni a bakin kasuwa."

Na sa aka kawo masa ruwa, ya sha. Sannan ya buɗe jaka ya fito da guntun igiya, an yanke ta da wuƙa ta gefe biyu, ƙullin na nan a tsakiya yadda na yi shi, har ganyen ya bushe a ciki. Ya ajiye a gabana a ƙasa.

"Shekara goma sha ɗaya ina sayen huhu guda duk Sallah," in ji shi. "Guda nake iyawa. Ban taɓa kwancewa a Kano ba, sai na kai gida. Bana na sayar da tumakina na ƙara, don ya yi tsada. Na buɗe ranar kasuwarmu, mutane a tsaye suna jira. Baƙi ƙirin, da farin gashi a kansa. Ko akuya ba ta sunsuna ba."

Na ce, "Malam, bari a kira Alhaji."

Ya ɗaga hannu. "Ban san Alhaji ba. Ban zo neman komai ba, abin da Allah ya rubuta ya auku. Wannan na sani," ya nuna igiyar da yatsa, "shi na saya. Na ce bari in kawo wa mai shi kayansa, in kuma tambaya ko ya mutu ne wani ya gaji ƙullin. Tun da kina da rai, shi ke nan."

Ya tashi. Ko abinci bai tsaya ci ba. Ya yi kwana biyu a bayan motar shanu don ya faɗi wannan, ya juya.

Washegari da aka zo rufe huhu, na yi ƙullin banza. Alhaji ya zo da kansa bakin ɗakin ajiya, ba baƙo a kusa. Ya ce, "Asabe, mene ne wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kara ɗaya nake da ita, na yi maka ita. In ɗakin kake so, gobe in kwashe." Bai karɓi ɗaki ba. Amma ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata sai da ka, ya kuma raba aikin, ya ba wani mai ɗauri rabi.

Kaka biyar na yi ba ƙulli. Duk huhun da ya fita daga hannuna sai an kwance shi a Kano an zube kamar na baƙo. Wasu suka ce na tsufa, wasu suka ce asiri aka yi mini. Ina aikina yadda Goggo ta koya mini, mota ta jira ko ta tafi. Labarin Malam Ilu kuwa ina samu wurin direbobi: ya yi noman ƙodago, ya yi tallan goro a faranti na wani, a hankali ya koma teburinsa da rabin huhu.

A kaka ta shida wani direba ya sauke mini naɗin sabuwar igiyar rama, mai kyau, murɗin hannu. Ya ce, "Wani tsoho ne ya tare ni a kasuwar goro. Ya ce a gaya wa mai ƙulli, shekara biyar yana kwancewa bai ga aibin da yake nema ba, yatsunsa sun gaji." Da igiyar nan na koma ƙulli. Ban sake ganinsa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ku da rediyonku. Ban ce ƙarya suke yi ba, ban san abin da suke aunawa ba ne. Ni abin da nake aunawa da shi ga shi. Da, ranar lodin goro ba ka iya ratsa titin nan don motoci, yau sai ka ƙirga su da hannu ɗaya. Bishiyoyin da Iya Bose take saye a gindinsu sun tsufa, ba a dasa wasu ba. 'Ya'yan masu gonakin suna nan unguwar Mokola suna okada, gonakin kuma an yanka su fuloti. Ganyen fita da ake kawo mana dami-dami, yanzu sai an yi nisa, shi ya sa kowa ya koma leda, leda kuwa ba ta numfashi. Maimakon a zauna a tsinci sankara, sai a barbaɗa wa goro hodar kashe ƙwari, abin da mutum zai sa a baki ya tauna. Kuɗin man mota ya hau kan goro, tsayawar hanya ta hau kansa, har ya kai mutumin Kano yana raba alewa a wurin suna. Ku je kasuwar Shasha ranar da motocin tumatir suka yi latti, ku ga abin da ake kwasa da shebur. Wancan ma an noma shi, wataƙila ma an ƙirga shi cikin abin da ake yi muku albishir da shi. Ƙasar nan ta iya nomawa. Tsakanin gona da baki ne ba mai son zama, don aikin wurin jira ne, ba a kuma ɗaukarsa a hoto.

Ranar da motar su Rabi'u za ta tashi, suka zo da sassafe su biyar, da buhuna da ledoji. Dogon nan ya ce direba ya ce in ba a yi lodi kafin azahar ba zai ba wani wurin, mota ta gaba kuma sai mako mai zuwa, kuɗinta ma ya fi.

Na ce, "Goronku ne. Ku zuba, ku ɗaure, ku aika. Ban hana ku ba. Amma da ƙullinku."

Rabi'u ya ce, "Hajiya, kalli fa, ya bushe. Har ƙyalli yake." Ranar ba amarya.

Na shiga ɗaki na ɗauko guntuwar igiyar Malam Ilu daga ƙasan akwati, na ajiye a kan kwando. Na ba su labarin nan da na ba ku, a tsaye, a gajarce. Dogon yana ta duba waya. Da na gama na ce wa Rabi'u, "Naɗe hannun riga. Cire agogon. Tura."

Ya tura yatsu.

"Na ce tura. Har gwiwa."

Ya tura. Ya zaro hannun ya dube shi, ya shafa a kumatunsa.

"Da ɗumi," in ji shi. "Kamar jikin mai zazzaɓi."

Ya koma kwando na biyu ba wanda ya sa shi, ya koma na uku. Sannan ya fita waje, na ji shi yana magana da direba da Yarabanci, direba yana ta ihu ta cikin waya. Abokan suka yi ta gardama a zaure har hantsi. Biyu daga ciki, har da dogon, suka ware kwandunansu goma sha biyu, suka zuba a leda, suka bi mota. Ban san yadda suka ƙare ba, ban kuma yi musu mugun fata ba.

Sha takwas suka rage. A kwana na bakwai na bi su ɗaya bayan ɗaya, hannuna ya fito da sanyi a bushe. Muka tsince, na fitar da mai sankara kusan ƙwarya biyu da su ba su gani ba. Aka samo ganye, suka ja igiya, na ƙulla. Rabi'u ya ɗauki hotonsa, ban hana shi ba.

Da mota ta tashi ya dawo ya tsuguna a gabana. Ya ce, "Amarya, yi mini shi a hankali sau ɗaya, in ɗauka a waya. Kin san ba za ki dawwama ba."

Na ce, "Na sani. Miƙo."

"Me?"

"Yatsunka."

Farce kamar na shaho. Na ba shi reza, na nuna masa daro.

Yana can tsakar gida yanzu da damin ganye, yau kwanansa huɗu, ƙato da gemu, yaran gida suna yi masa dariya. Daga nan inda nake zaune ina hango shi. Ga shi can ya wanke cikin wani ganye ya jera, bai juya ya wanke bayansa ba.

Dakata da rubutun nan, bari in tashi.